Taurin Daga Uwa Ne

Dakta yana tsamo angurya daga kwanon ruwa Darakta ya shigo ɗakin gwaji, 'yan kwamiti biyu na biye da shi. Tun shekaranjiya aka jiƙa irin audugar, ko kumbura bai yi ba. Dakta ya danna ɗaya da farce, kamar tsakuwa.

Yau za a yanke hukunci a kan filin gwajinsa. Cibiyar binciken tana son wurin ajiye motoci, su kuwa motoci ba sa jiran ruwan sama. Damina ɗaya kawai Dakta yake roƙo.

Auduga mai jure cuta ya yi wa barbara da mai laushin ɓawo, ko a samu irin da zai tsira da wuri. Darakta ya taɓa tsayawa a gonar aka ɗauke shi hoto. Tun ranar yake ce masa "irina".

"To Dakta, yaya irin nawa? An ce har yanzu ya ƙi shan ruwa."

Bayanin ba wuya. Ɓawon ba na ɗan da ke ciki ba ne, jikin uwar ne ya yi shi. Laushin da uban ya kawo yana kulle a ciki, sai an shuka wannan ya haifi nasa sannan a gani. Ya sha faɗa wa ɗalibai suna hamma. Yau sai ya taƙaita.

"Ranka ya daɗe, irinka duk haka suke. Taurin daga uwa ne."

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya ɓarke da tari. Ɗayar, mace, ta duƙa tana neman abin da bai faɗi ba.

"Uwar wa?"

"Uwar irin, yallaɓai."

"Na dai ji," in ji Darakta, ya fice.

Da yamma 'yar kwamitin ta dawo ita kaɗai.

"Yaya, ka rufa wa kanka asiri. Darakta ya ce ka tsaya gaban kwamiti ka ce maganar ba gaskiya ba ce, ya bar maka filinka."

"Wace fassarar?"

"Duka biyun."

Dakta ya dubi kwanon. Shekara da shekaru yana wallafa bincike, babu mai karantawa. Yau kafin a tashi aiki har mai gadi ya haddace sakamakon.

Ya ƙulle anguryar a hankici, ya kira gida.

"Maman yara, furannin nan naki na bayan kicin, kina son su sosai ne?"