Buta a Kan Murhu

Aikin Noelene Pavlidis, a wani ɗan ɗakin ɗaukar murya a birnin Melbourne, shi ne gaya wa makafi abin da ke faruwa a wasan talabijin duk inda 'yan wasa suka yi shiru. In kisa aka yi, har launin jinin sai ta faɗa. Amma da zarar Dougal da Wiremu, mazan nan biyu masoya na shirin ranar Talata, sun matso kusa da juna, sai kunya ta rufe ta, idonta ya koma kan kayan ɗaki.

"Butar shayi na kan murhu," abin da take cewa ke nan.

Shekara uku butar nan na kan murhu. Har wata mai sauraro daga Geelong ta rubuto tana roƙon a sauke ta kafin gidan ya kama da wuta.

Ran da za a ɗauki kashi na ƙarshe, Fergus Tennant, makahon da ke duba aikinta kafin a watsa, ya zauna da karensa a gefe.

"Ke Noelene, yau in kika dafa min shayi, ni da ke ne."

"Haba Fergus, ai kowa ya gane abin da nake nufi."

"Mijina Graeme ne ya gane, shi ke fassara min. Tun da na binne shi bara, daga ni sai buta. Ko Dougal da Wiremu sun shirya ma ban sani ba."

Aka saki hoton. Bakin teku ne fetal, daƙiƙa goma ba magana. Noelene ta duba ko'ina, ba kujera, ba labule, ko tsuntsu ɗaya ya ƙi giftawa ya cece ta.

"Akwai yashi," in ji ta. "Yashi mai yawa."

Fergus ya fara zare abin sauraro daga kunnensa. Tausayinsa ya kama ta, har ya fi ƙarfin kunyar, sai ta ci gaba.

"Dougal ya tallabi fuskar Wiremu. Ya sumbace shi a baki, a hankali. Wiremu na dariya, hawaye na zuba."

Fergus ya daɗe yana shafa kan karensa.

"Graeme bai taɓa fassara min da magana ba," ya ce. "Da kin ce buta, sai kawai ya juyo da fuskata. Don Allah mayar da hoton baya, in sake ji."