Shuɗiya Mai Ratsin Fari

Mahaifina Malam Aƙilu ya yi shekara ashirin yana tuƙa wani Bature a kamfanin gurzar auduga na Funtua. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa 'yar motarsa ta Ingila, koriya mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda ko buhun masara ɗaya ba ta ɗauka sai an yi mata dabara. Tun ina yaro take cikin rumfar kwano a gidanmu na Tsiga, ana tayar da ita ranar sallah kawai.

Bara likita ya ce Baba yana da hawan jinin ido, kuma an makara. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa haske mai ƙarfi kawai yake tsinta, shi ma ba zai kai kaka ba. Da muka dawo gida bai yi maganar magani ba. Cewa ya yi yana son ya ga fitilun motar nan sun kama, ko sau ɗaya ne, kafin duhun ya gama rufe shi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, na je na ja makunni. Injin ya tashi, hon ya yi kuka, fitila ko ƙyas.

Na ɗauko Murtala mai wayarin daga Funtua a kan babur. Murtala ya iya aiki, amma irin aikinsu na tasha: in waya ta yi gardama a datse ta, a ja sabuwa daga batir, kowa ya kama gabansa. Yana fito da filaya Baba ya ji ƙararta, ya ce wallahi ba a yanke ko zare ɗaya a motar nan. Ya ce Turawa ba su bar ta a dagule ba, kowace waya da launinta. Aka ajiye masa kujera kusa da bonet, ya dafa sanda ya fara karantowa kamar mai tilawa. Shuɗiya zalla tana fitowa daga makunni. Shuɗiya mai ratsin ja ta dim ce, wato ƙaramin haske, mai ratsin fari ta ful, wato babban haske. Baƙa ita ke kama jikin ƙarfe, kuma yawanci ita ce munafukar.

Murtala ya leƙa ciki, ya ɗago ya dube ni.

“Baba, ai duk baƙaƙe ne.”

Ni kuwa na san dalili. Daminar da ta wuce ɓeraye sun matsa wa rumfar saboda hatsin da muke ajewa a gefe. Mu kuwa a nan duk abin da muke so ya daɗe, baƙin mai muke shafa masa: ƙofar rumbu, ƙotar garma, azarar ɗaki. Na samo galan guda na bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ina jin daɗi ina yi wa Baba abin kirki. Ashe wayoyin rigar zare ce da su ba roba ba, suka shanye man kamar lagwani. Gyaran gangar Auzinawa na yi, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Na faɗa wa Baba a wurin. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi. Sai kawai ya ce Allah ya yi mini albarka, a samo kananzir a goge.

Kwana huɗu muna abu ɗaya. Kananzir ya cire maiƙo, bai dawo da launi ba. Muka canza ƙwan fitilun, muka kankare tsatsa a mahaɗan wayoyi, muka kwance makunnin ƙafa da ake takawa a sauya dim da ful. Murtala yana bin waya da ƙwan gwaji, in ta shige cikin damin 'yan uwanta sai ta ɓace masa. Baba yana riƙe da taswirar duka a kansa ba ido, ni ina da ido ba abin gani, Murtala yana da hannu an ɗaure shi. Ga taki yana jirana a gona, ga ciyawa ta kusa cinye masarar. Kullum da safe sai in lura Baba ya ƙara lalube kafin ya samu kujerarsa, abin yana cin raina ba yadda zan yi.

Rana ta biyar, da Baba ya shiga alwalar azahar, Murtala ya jawo ni gefe. Ya ce shi fa ba zai yanke komai ba, amma zai ɗora waya daga batir kai tsaye zuwa bayan fitilun, tsoho ya ga abin da yake son gani, daga baya a zare. Na san Baba ba zai so ba. Na ce ya yi.

Da aka idar da salla na kamo hannun Baba na tsayar da shi a gaban motar, taku huɗu tsakaninsu. Na ja ƙyauren rumfar na toshe kafofin da buhu, wurin ya yi duhu. Murtala ya taɓa wayar a kan batir. Fitilun biyu suka kama tar, har ina ganin zaren hularsa da jijiyoyin wuyansa, inuwarsa ta hau bango har rufi. Na buɗe baki zan yi hamdala.

Baba bai ƙifta ba. Idanunsa a buɗe cikin tsakiyar hasken, ya ɗan karkata kai yana saurare.

“Hussaini, kun gwada?”

Murtala ya sunkuyar da kai. Na dubi fuskar mahaifina tana sheƙi cikin hasken, na ce masa:

“Mun gwada, Baba. Ba ta kawo ba tukuna.”

“To, ba komai,” ya ce. “Ku nemo mai ratsin farin nan. Tana nan ciki.”