Motar Tokie da Filin Tsakiyar Tudu

Unguwarmu a Nagasaki bisa tudu take, kuma filin ajiye motoci ɗaya ne gare mu, a tsakiyar hawa, mai cin mota tara. Wanda bai samu gurbi a can ba sai ya bar motarsa a gindin tudu, ya tako matakala ɗari biyu da 'yan kai.

Shekarar da mijin Tokie Hamasaki ya rasu ta sayi wata 'yar ƙaramar mota, sabuwa fil, amma an ƙera ta da kamannin motocin da: fitilu zagayayyu, baki mai ƙyalli, fenti ruwan madara. Ni na san dalili, don shekara talatin muna maƙwabtaka. Da irinta marigayin yake zuwa ɗaukarta lokacin yana nemanta.

A taron ƙungiyar unguwa Genzo Murase ya taso da zancen. Tsohon dillalin manyan motoci ne, baƙar motarsa ita kaɗai takan cinye gurbi ɗaya da rabi. Ba wanda ya tambaye shi ya shiga bayani: wai ƙyallin nan roba ce aka shafa wa fenti, but ɗin ba ya cin buhun shinkafa biyu, injin kuma nishi yake a kan tudu kamar mai asma. Sannan ya dubi Tokie, ya kira ta da sunan gidansu haɗe da 'san' na girmamawa.

"Hamasaki-san, wannan ai motar tsofaffin da suka ƙi yarda sun tsufa ce. Kayan matattu aka sa wa jaririya."

Wasu suka yi dariya. Tokie ta ƙara masa shayi. Sai da muka kama hanyar gida ta ce mini maganar but ɗin gaskiya ce, ita ma tana fama da shi. Amma ɗayar maganar, zai gane kurensa.

Wata takwas ba ta sake ɗaga zancen ba. Ta dai zama direbar tsofaffin unguwa: wannan asibiti, waccan kasuwar kifi. Motar tana shiga lungunan da tasi ba ta shiga, ta sauke mutum a ƙofar gidansa. A hanya Tokie takan ce abin tausayi ne gida huɗu na jiran gurbi alhali fili na zaman banza tsakanin layuka. Wata safiya ta sa na riƙe mata bakin tef, muka auna filin kaf. Idan aka sake layi daidai da ƙananan motoci, sha uku zai ci.

Ita ce sakatariyar ƙungiya, don haka ita ta sa batun a takardar taron bazara. Murase ya miƙe fuska ja wur, ya ce gwiwarsa ba za ta iya matakala ba, kuma shekara ashirin yana ajiye mota a wurin.

"Ayya, Murase-san," in ji Tokie a hankali. "Kowa a ɗakin nan da ciwon gwiwa ya zo."

Aka ɗaga hannu, sha bakwai suka yarda a sake layi, biyu suka ƙi. Kafin mako ya zagayo mai fenti ya ja sababbin layuka, babu gurbi ko ɗaya da baƙar motar Murase za ta shiga.

Duk zafin shekarar Murase ya sha hawa da ledojin cefane, yana tsayawa a kowace kwana yana share gumi. Tokie takan wuce shi a hanyar gefe, ta rage gudu, ta sunkuyar da kai ta gaishe shi da ladabi ta tagar mota, ta ci gaba. Kujerar gefenta babu kowa.

Da kaka ta shigo ya sayar da baƙar motar, ya sayi wata ƙarama mai siffar akwati. Ina gidan Tokie ya zo, riƙe da kwalin kek, ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙi gurbi. Ta karɓi kek ɗin da hannu biyu, ta yi godiya, ta buɗe littafin ƙungiya ta nuna masa: gurbi ya cika, shi ne na huɗu a layin masu jira.

Bayan ya tafi na leƙa littafin. Sunana ne na biyu, da rubutun hannunta, ni da ko lasisin tuƙi ba ni da shi. Na ce mata anya abin bai isa haka ba, mutumin fa ya haura saba'in.

"Wataƙila baɗi," ta ce, ta tashi ta ɗauko wuƙa da faranti biyu.