Ramin Baba Geng

Gailan ta tura ƙofar maƙwabcinta da ƙafa, kwanon kunun gero a hannu, ta tarar da gado wayam. Robar iskar numfashi tana yashe a kan bargo tana huci ita kaɗai. Shebur ɗin bayan ƙofa ma babu shi.

"Wannan tsoho sai ya kashe ni kafin ya mutu," in ji ta. Ta dire kwanon, ta nufi tudu.

Tudun nan mutane ne suka tara shi. Shekara arba'in ramin kwal yana amayar da baƙin dutsen da ba ya sayuwa, motoci na jibge shi bayan ƙauye, har ya cinye kwarin duka. A cikinsa wuta ke ci a hankali. Bara kamfani ya lulluɓe shi da ƙasa, aka daddanne, aka shuka ciyawa. Gailan na cikin matan da suka yi aikin, kuma doka ɗaya aka yi ta nanata musu har ta gundure su: kada a huda ƙasar, don in wutar ta shaƙi iska za ta farka, hayaƙinta kuwa ƙauye yake sauka.

A tsakiyar gangara ta same shi durƙushe. Ramin da ya haƙa ya kai gwiwa.

"Baba Geng! Numfashin da ba ya kai ka bayan gida, shi ya kawo ka nan?"

"Rage murya, 'yar nan. Ko gawar ma kin tashe ta."

Kowa ya san wace gawa yake nufi. Shekarar da tudun ya zabtare bayan ruwan sama, ya binne kabarin matarsa Runhua. A nan kuwa ba a kwantar da miji nesa da matarsa. In ƙasusuwan sun gagara ɗaukowa, akan ɗebo wani abu daga makwancinta a sa masa a akwatin gawarsa.

"Ga hasumiyar ramin kwal can, ga tsagar dutse can," ya nuna yana haki. "Tana daidai ƙarƙashin nan. Dutse ɗaya nake so."

Gailan ta damƙo ƙasa ta miƙa masa. "Ungo. Ai duk ɗaya ne."

"Wannan? Mota ce ta kawo ta daga wani gari. Ina ta san Runhua?"

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya fara tasowa daga ramin. Gailan ta tuna shekarun da shanya kan bushe da rawaya, jikarta na tari har ta yi amai. Ta fizge shebur ɗin, ta mayar da ƙasar, ta hau kai tana tattakawa. Shi dai kallonta yake. Da zagi ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta goya shi suka sauko, bai fi damin kara nauyi ba.

Kwana huɗu tana kai kunu tana ɗauke kwanon, kunun a sandare bai taɓa ba. Takan share tsakar gida, ta sake sharewa, ta leƙa ta katanga. Ran na biyar da hantsi ya cika, fuskarsa wajen bango.

Washegari ɗansa Baozhu ya iso daga birnin Taiyuan, aka ɗaura fararen ƙyallayen makoki, aka ce da la'asar za a buga wa akwatin gawar ƙusa.

"Yaya Gailan, ya bar wani saƙo?" Baozhu ya tambaye ta.

"Bai bari ba," ta ce, kunya ta kama ta har wuya.

Ta koma gida ta kasa zama. Ta ɗora ruwa ta manta da shi. Mijinta ya ga ta saɓa shebur, ya ce, "Ke da kika hana?"

"Ni na san yadda ake rufewa. Shi bai sani ba."

Rana tsaka ta haƙa, inda duk mai ido zai gan ta. Ramin ya wuce gwiwa, ya kai ƙugu, warin na sa ta hawaye. Da shebur ya yi ƙara a kan dutse, ta zura hannu ta ciro ɗaya kamar ƙwan agwagwa. Sannan ta rufe yadda aka koya mata, kaɗan-kaɗan, tana yayyafa ruwa tana dannawa, har ƙafafunta suka mutu. Ko ya rufu sarai, sai lokacin sanyi za a gane, in ƙanƙara ta ƙi kwanciya a wurin, to wutar ta sami iska.

Ta sauko da gudu, dutsen a cikin rigarta. Kafinta ya riga ya ɗauki guduma.

"Dakata!"

Mutane suka dare. Ta buɗe yatsun Baba Geng da ƙyar, sun yi sanyi ƙalau, ta ɗora dutsen a tafinsa ta mayar da su. Baozhu ya sunkuya ya taɓa, ya ɗago da sauri.

"Da ɗumi," ya ce.

Kafinta ya sauke gudumar, ya tsaya yana jira.