Dodo a Gayyar Ɓarar Gyaɗa

"Malam! Ina aljanar? Ina ka kai mini aljanar?"

Luba ta faɗo zaure kamar an jefo ta, waya a hannu. Mijinta Sama'ilu na zaune yana gyaran ƙotar fartanya. A tsakar gida kuwa matan unguwa sun baje tabarmi, sun kewaye tarin gyaɗar iri, jira kawai suke a kunna musu kallo.

Jiya aka yi ruwan shuka. Gyaɗar iri ba a kai ta inji, farfasa ta zai yi, sai dai a ɓare da hannu. In ba a gama yau ba, laima ta tsere musu, ga shi bana ba mai rarar irin da zai sake shukawa. Kuma Luba ta sani sarai ba kununta ne ke kawo mata gayya ba. Shirin nan ne mai dogon zango, na aljanar da ta auri wani tela.

Sama'ilu ya sosa ƙeya. "Memorin ne ya cika. Mai tura fim na kasuwar Minjibir ya ce sai an goge wani abu."

"Shi ne ka ce ya goge nawa?"

"Cewa na yi ya goge mai yawan koke-koke. Haba Luba, wata da watanni abu ɗaya: ƙofa ta buɗe kanta, a yi ihu, a kira malami. Fim ɗin dodon da na bari kuwa, ka gan shi, ya gan ka, a yi ta ta ƙare."

Ba ta da lokacin faɗa. Ta koma ciki ta faɗa wa mata gaskiya. Nan take Kaltume maƙwabciyarta ta fara laluben takalmi.

"Wanki fa na jiƙa na taho, don in ga ranar da telan nan zai gane matarsa ba mutum ba ce. Ba zan zauna kallon shirmen maza ba."

Wasu biyu suka miƙe.

"Ku zauna, dalla," in ji Inna Hure, tsohuwar da ta girme su duka. "Ni dai da gwiwar nan ba zan tashi yanzu ba. Ke 'yar nan, kunna mu ga abin da ke hana mazanmu dawowa gida da wuri."

Luba ta jingina wayar cikin ƙwarya don sauti ya ƙaru, ta ɗora a kan turmi. A cikin fim ɗin, teku ya fara tafasa. Wani abu ya ɗago kai, ya yi ta ɗagowa, har ya kere benaye.

"Innalillahi! Ƙadangare ne!" in ji Kaltume, takalmi ɗaya a ƙafa. Sai ta zauna. "Ƙarya ce tsagwaronta. Aljani dai kowa ya san akwai shi."

"Shi ya sa na fi son wannan," in ji Inna Hure. "Ba zai biyo ni ɗaki ba. Tun da na fara kallon aljanarku, ko tsamiyar bakin rijiya ban ƙara bi ta ƙarƙashinta ba."

"Kai Inna, ke da aljanun ma gaishe ki suke yi!"

Dariya ta ɓarke. Dodo ya taka gada, ta karye.

"Allah sarki, yunwa ce," in ji Inna Hure. "Ku dubi cikin nan. Me zai ci ya ƙoshi a wannan tsadar?"

"In a garin nan ya fito, ramewa zai yi ya koma," in ji wata.

Luba ta lura da wani abu. A shirin aljana, da an fara kiɗan tsoro hannuwa ke tsayawa, kowa ta kasa kunne kar magana ta wuce ta. Nan kuwa babu maganar da za a saurara. Dodo na rushe-rushe, baki na surutu, yatsu na aiki. Ɓawo ya yi ta taruwa.

Daga zaure Sama'ilu, da ba shi da damar shigowa cikin matan mutane, yana bin fim ɗin da kunne.

"Yanzu zai ɗaga jirgin ƙasa!"

"Malam Sama'ilu, ka yi wa Allah ka yi mana shiru!" in ji Kaltume.

Rurin dodon ya tsallake danga. Wasu mata suka leƙo, har da waɗanda Luba ba ta cika gani a gidanta ba. Aka matsa musu, suka zauna, suka sa hannu.

Kafin la'asar tabarma ta koma fayau. Luba ta nutsa hannu cikin masakin jar gyaɗa har gwiwar hannu, ta yi hamdala. Gobe da sassafe sai gona.

Kaltume ta karkaɗe zani. "Ni har yanzu aljanar ta fi mini, ita ce mai labari. Amma wai da dodon ya koma ruwan nan, mutuwa ya yi?"

"Akwai na biyu!" in ji Sama'ilu daga zaure, murya cike da nasara.

A nan ne aka ji kukan jaki a ƙofar gida. Wata doguwar mata ta ratsa zaure ba ta jira amsar sallama ba, mayafi ɗaure a ƙugu. Luba ba ta taɓa ganinta ba. Amma matan da suka leƙo daga baya duk suka sunkuyar da kai.

"Wace ce matar gidan?"

"Ni ce. Sannu da zuwa, Hajiya."

"Riƙe sannunki. Ni ce na tare a gidan bayan makaranta. Na dafa, na dama, na tara gayyata, kika kwashe mini su da ihun wata dabba." Ta nuna waje da yatsa. "Buhunana suna kan jaki, ko rabi ba a ɓare ba. A sauke, a kunna."

Luba ta dubi wayar. Cajin ya koma ja.