Masu Wankin Rigar San Isidro

Duk Lahadi kuna wucewa ta bakin ofishin coci kuna kau da kai, kamar abin da ke ciki bai shafe ku ba. Kun iya cika baki a wurin biki cewa kakanku babban mutum ne, amma a cikinku wa ya taɓa buɗe littafi ya duba? Kun bar tarihin gidanku a bakin tsofaffi, suna ƙara masa gishiri duk shekara. To ku ji abin da ya faru a garinmu.

Tun kafin a haifi kowa, gidan su Lola Eufrosina, wato Kaka Eufrosina, ne ke wanke rigar San Isidro, waliyyin manoma. Mutum-mutuminsa ya kai tsayin mutum, kuma duk watan Mayu, kafin a zaga gari da shi, Lola ce ke goge rigar, ta sa masa malfa, ta taje masa gemu. Ta haura tamanin, amma ko jikokinta ba ta bari su riƙe mata dutsen guga.

Bana sai ga Mang Anacleto ya dawo daga aikin jirgin ruwa da sarƙar zinariya da tumbi. Ya je wurin Fada, limamin cocinmu, ya ce aikin na gidansu ne, domin kakan kakansa, wani Isidro, shi ya ba coci mutum-mutumin.

"Isidron da ya ba da shi kakanmu ne," in ji Lola. "Naku, in ma an yi shi, busasshen kifi yake talla."

Fada yana cin abincin gidajen biyu, don haka ya ce kowa ya kawo shaida kafin biki. Lola ta koma gida ta kwanta, ta ce ranar da aka karɓe rigar nan a kira mai haɗa akwatin gawa ya auna ta. Nauyin ya faɗa kan jikarta Dalisay, malamar makaranta, wadda ita kaɗai ce a gidan ta ɗan koyi Sifaniyanci, harshen da aka rubuta tsofaffin littattafan coci da shi.

A ofishin coci, Dalisay ta tarar da littattafan baftisma a kabad ɗaya da tsintsiya da fitilun Kirsimeti. Kyanwa ta haihu a kan littafin mamata. Wannan shi ne darajar kakanni a wurin mutanen da ke yanka alade biyar don biki. Ta kwashe 'ya'yan kyanwa, ta shiga neman Isidro.

Ta same shi. Ta sake samun sa. A wancan zamani Fada kan ba jariri sunan waliyyin ranar da aka haife shi, saboda haka duk namijin da ya faɗo a tsakiyar Mayu Isidro ne. Nasu yana nan, na su Anacleto ma yana nan, a shafi ɗaya. Ba wanda aka ce ya ba coci ko da kyandir. Sai a littafin aure ta ga Fadan lokacin ya yi ɗan rubutu a gefen sunan nasu: an ɗaura auren bayan hukuncin alƙali.

Ta hau motar haya zuwa babban garin lardi. A ɗakin ajiyar kotu ta yi ta atishawa har aka ciro mata takardun a ƙarƙashin wata matacciyar fanka. Ta karanta da ƙamus a cinya, ta maimaita, ta yi tagumi.

Da ta dawo ta tarar Lola ta tashi daga jinya tana soya kifi.

"Lola, Isidronmu ɓarawo ne."

"Me ya sata?"

"Rigar. Ya tuɓe wa waliyyi riga da malfa, ya sa, ya tafi zance. Isidron su Anacleto ma yarinyar yake so, shi ya gan shi ya kai ƙara. Alƙali ya yanke cewa shi da zuriyarsa su riƙa wanke rigar duk shekara har abada. Ba girmamawa ba ce, Lola. Horo ne muke yi."

Lola ta juya kifi.

"Ta yi masa daidai?"

"Mene ne?"

"Rigar, 'yar nan. Ta zauna masa?"

"Shaida ya ce hannun ya ɗan yi masa tsawo."

"Gajerun hannu, namu ne. Wa ya auri yarinyar?"

"Shi."

"To ɗauko min takalmina."

Dalisay ta so a ɓoye zancen, a ce ba a samu komai ba. Amma babu shaida, babu riga, kuma wannan ce kaɗai shaidar da ke akwai. Ranar zama, a ƙarƙashin mangwaron coci, ta miƙe ta karanta, rabin gari na saurare.

Mang Anacleto ya yi dariya har sarƙarsa na tsalle. "Kun ji ko, Fada? Jinin ɓarawo ke taɓa waliyyinmu."

"Jinin ɗan gulma kuma yana so ya karɓa," in ji Lola. "Kleto, na san ka tun kana yawo ba wando. Kakanka ya kai ƙara, ya ci shari'a, ya rasa mata. Mu alƙali ya ce mu yi, har abada. Kai wa ya ce ka yi?"

"Ai horo ne, Lola."

"To mu gama horonmu mana. Ko kana so ka sa tsohuwa ta saɓa wa kotu? In aikin kake so, ga rigar can. Sace ta ka tafi zance, mu ga ko za ta rufe tumbin nan."

Fada ya yi tari ya rufe baki, sannan ya ce shi ba shi da ikon warware hukuncin alƙali. Ya yi wa Anacleto tayin riƙe wa waliyyi lema. Anacleto ya ce zai yi shawara, washegari kuwa ya sayo lema mai geza. Lola ta goge rigar bana sau biyu, tana gaya wa duk mai wucewa cewa ita fursunar San Isidro ce.

Ku kuma da kuke dariya, me kuka sani game da naku? Gobe Litinin, kotu a buɗe take, ofishin coci ma haka. Ku je ku nemo kakanku, ku karanta abin da ya aikata a gaban 'ya'yanku, ko mene ne.