Kumfa a Kwalbar Likita

Shekarar da soja suka koma bariki, hawan jini ya kama matata Ramla da cikin wata takwas. Likita ya zuƙo ruwan mahaifa a kwalba, ya ce zai girgiza shi da sinadari. Idan kumfa ta zauna, huhun yaron ya ƙosa, za a ciro shi lafiya.

Ni mai wanki ne a Ƙofar Sauri, kumfa ba ta gagara ta. Na zaro ƙullin omo na miƙa masa.

"Malam Yari, da omo yaron zai numfasa?"

Na mayar aljihu. Ya girgiza, muka zuba ido. Kumfa ta zauna, 'yar siririya, ko hula ba za ta wanke ba. Ranar aka ciro shi yana tsala kuka.